Kunnen Nafisa da Wutsiyar Jirgin Inuwa

Wadda ta fara ba ni wannan labari Virginia ce, Maman Obinna, mai shagon kayan masarufi a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi. A Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu jikokina fita. Na je sayen sabulu ta jawo mini benci ta ce, "Inna, zauna, akwai abin da ya tsaya mini a rai." Na zauna. Abin da ta faɗa mini shi zan faɗa muku, ban ƙara masa gishiri ba.

Akwai wani mutum a Tarauni ana ce masa Inuwa, mai gyaran bodin mota. Hannunsa yana da kyau, wannan ba wanda ya musa. Motar da ta yi raga-raga in ta shiga garejinsa sai ta fito kamar ba ita ba.

Tun yana saurayi yake cewa sai ya ƙera jirgin sama. Mutane suna dariya, shi kuwa bai fasa ba. Akwai kango a bayan gidansa mai doguwar katanga, ƙofarsa ta cikin gida take. Nan ya tara fallayen alminiyam da injin wata tsohuwar mota, ya fara haɗa ɗan ƙaramin jirgi mai cin mutum ɗaya.

Da fukafukai suka fito, masu dariya suka yi shiru. Samari suka fara hawa katanga suna ɗaukar hoto da waya. Sunan Inuwa ya ɓace a unguwa, sai Injiniya. In ka kira shi Malam Inuwa ma sai ya yi kamar bai ji ba.

To bari in gaya muku yadda ake haɗa jikin jirgin, don nan ne maganar take. Ƙusarsa ba irin ta kafinta ba ce. 'Yar gajeruwa ce marar tsini, ribit suke ce mata. Za a huda falle biyu a zura ta. Mutum ɗaya yana waje da bindigar iska yana dukan kan ƙusar, ɗaya yana ciki ya tokare gindinta da dunƙulen ƙarfe mai santsi, har gindin ya baje ya kama fallen. In na ciki bai tokare daidai ba, ƙusa ta lanƙwashe, jikin jirgi ya lotsa. Aikin mutum biyu ne, kuma ba sa ganin juna.

Gaban jirgin yana da faɗi, yaran garejinsa suka shiga suka yi. Amma jirgi yana tafiya yana tsukewa har wutsiya, kamar mazurari. Da aka zo nan, duk wanda ya gwada sai kafaɗarsa ta tokare. Aiki ya tsaya.

Rannan matarsa Nafisa ta kawo masa abinci kangon. Mace ce 'yar siririya, ƙarama, ga ta ba hayaniya. Tana miƙo kwano ya tsaya yana kallon wuyan hannunta.

"Ajiye kwanon. Zo ki leƙa nan."

"Ni, Malam? Me na sani a jirgi?"

"Ba sani ake nema ba. Riƙo ne kawai. Ko riƙon ma sai an kai ki makaranta?"

Abin da ya kamata ku sani, Nafisa kunne ɗaya gare ta. Na hagu ya mutu tun tana yarinya, sanƙarau ya tafi da shi. Da na dama take jin duniya. Da shi take jin kiran salla, da shi take jin 'yarsu Zainab da aka kai aure Gusau in ta bugo waya. Inuwa ya san haka tun kafin ya aure ta.

Ta ɗaure zane da kyau, ta sa wandon aikinsa a ciki, ta shiga da rarrafe da tocila a baki. Ya miƙa mata ƙarfen. Shi kuma ya ɗauko marufin kunne, irin mai kama da kofi biyu da ake ratayawa a ka, ya sa a nasa kunnen. Guda ɗaya ne a gidan.

"Tokare!" in ji shi. Ya danna bindiga.

Ku ɗauki babbar garwa ku zura kanku a ciki, a sa wani ya yi ta dukanta da taɓarya. Abin da Nafisa ta ji ke nan. Wanda yake waje ƙarar watsewa take a iska. Wanda yake ciki kuwa ba inda za ta je sai kansa.

Da ta fito kunnenta yana ta ƙugi. Ta ce, "Malam, ƙarar nan ta yi yawa."

"Za ki saba."

Washegari ta yi dabara. Ta yago auduga ta cusa a kunnen, ta rufe da ɗankwali. Ta shiga. Ya ce "Tokare!" ba ta ji da wuri ba, ya danna, ƙusa ta karkace, fallen ya ɗan lotsa kamar an danna da babban yatsa.

Ya jawo ta da ƙafa ta fito. Ya ture ɗankwalin, ya zaro audugar ya ɗaga ta sama.

"Wannan fa?"

"Kunnen ne yake mini ciwo."

"In kin toshe kunne da wa nake magana? Da jirgin? Kin san wahalar da na sha kafin in samo fallen nan?"

Ya jefar da audugar ya taka.

Okey, mijin Virginia, shi ya sayar wa Inuwa kwamfuresar da take ba bindigar iska, kuma yana yawan leƙowa ya ga yadda take aiki. Rannan ya zo ya tarar da su a kai. Ya ga ƙafafun mace sun leƙo daga cikin jirgi, ya ji ƙarar, ya toshe nasa kunnen da yatsu. Da aka tsagaita ya ja Inuwa gefe.

"Injiniya, Madam ce a ciki? Ba komai a kunnenta?"

"To yaya za ta ji ni?"

"Ai ba sai ta ji ka ba. Ni na ga masu wannan aikin a Legas. Dukansu biyu rufe kunne suke. Na ciki ne yake ba da alama. In ya saita ƙarfe sai ya ƙwanƙwasa, na waje ya ji a hannunsa ya danna. In ƙusa ta zauna ya sake ƙwanƙwasawa, a wuce gaba. Ba mai buɗe baki."

Inuwa ya yi dariya. "Wato in tsaya da bindiga a hannu ina jiran Nafisa ta ba ni izini? Ta ƙwanƙwasa in danna, ta ƙwanƙwasa in tsaya? Okey, a gidanka ƙila haka ake yi. A nan ni nake cewa a yi."

"To bar wannan. Akwai ribit ɗin da mutum ɗaya yake ja daga waje, ba sai an shiga ba. Don irin lungun nan aka yi ta. Akwai mai ƙarfi, zan nemo maka."

"Ta masu allon talla? Jirgi nake yi, ba akwatin kwano ba."

Okey ya koma gida ya gaya wa matarsa. Ya ce, "Mutumin nan zai kashe kunnen matar nan, kuma yana sane."

Haka aka ci gaba. Kullum da hantsi in ya dawo daga gareji, Nafisa ta shiga, ya yi ta ihu, "Tokare! Matsa! Ba nan ba, ke wace irin mace ce?" Maƙwabta suka saba. In an ji bugu da ihu daga bayan katangar sai a ce Injiniya ne da matarsa, an fara. Ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ya ce lafiya. Mu mutanen unguwa haka muke, kun sani na sani.

Kunnen ya fara ja da baya. Da farko in ta fito ƙugin yakan lafa kafin magariba. Daga baya ya daina lafawa. In ana magana sai ta karkato kai ta ce, "Na'am?" Zainab in ta bugo waya sai ta ce, "Umma, wai ba kya ji na ne? Tun ɗazu nake gaya miki." Nafisa ta ce sabis ne ba kyau.

Inuwa kuwa abin dariya ya samu. In baƙi sun zo kallon jirgi ta kawo ruwa, sai ya juya baya ya yi magana ƙasa-ƙasa, in ta ce "Na'am?" ya ce, "Kun gani ko? Rediyon gidan nan batir ya yi sanyi." Wasu su yi dariya, wasu su sunkuyar da kai.

Virginia ce ta gaji. Ƙawar Nafisa ce tun suna kai yara makaranta tare. Ta zo ta ce, "Sa hijabinki, asibiti za mu."

Likita ya duba, ya sa mata wani abu a kunne ya yi ta gwaji. Da ya gama ya dubi Virginia don ya ga ita ce mai ji sosai. Ya ce, "Abin da ya tafi ba zai dawo ba. Amma akwai saura, kuma da sauran nan za ta iya rayuwa. Sai dai kar ta ƙara kusantar wannan ƙarar. Ko sau ɗaya."

Nafisa ta dawo ta samu mijinta ta durƙusa. Ta gaya masa abin da likita ya ce, kalma kalma.

A ranar nan kuwa Inuwa yana cikin murna. Wani Alhaji Abba, mai motocin haya a Hotoro, ya ga jirgin a waya, ya aiko cewa zai zo ranar Asabar da 'yan jarida, in abin ya burge shi zai ɗauki nauyin sauran aikin. Abin da ya rage layi ɗaya ne na ƙusa, can ƙarshen wutsiya, inda ya fi ko'ina matsi.

"Likita bai san jirgi ba," in ji Inuwa. "Layi ɗaya ya rage. Ki shiga gobe, shi ke nan kin huta har abada."

"Malam, don girman Allah. Shi kaɗai ya rage mini."

"Ni ma wannan damar ita kaɗai ta rage mini."

"To ka ba ni marufin naka. Ko audugar. Zan ƙwanƙwasa maka yadda mijin Virginia ya ce, wallahi ba zan kuskure ba."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Au, har kun zauna kun tsara? To ki ji da kunnen naki tun yana ji. Alhaji zai zo ya tarar da wutsiya a buɗe, a ce me? A ce matar Injiniya ta ƙi? Zaɓi ya rage naki."

Bai faɗi abin da zai biyo baya ba, amma ta gane.

Ni dai da ina wurin da na ce mata ɗauki mayafinki ki tafi gidan yayanki. Amma ba na wurin, kuma faɗa daga kan benci yana da sauƙi. Mace ce da ta yi shekaru tana cewa to, bakinta bai saba da wata kalmar ba.

Da hantsi ta shiga. Wannan karon sai da ta miƙe hannu ɗaya gaba, ta kwantar da kai a kan kafaɗa, don wurin bai isa ta juya ba. Kunnen dama shi ne ya manne da jikin fallen, daidai inda bindiga za ta sauka a waje.

"Tokare!"

Ya danna. Ya matsa gaba. Ya danna. Tun tana jin muryarsa sama-sama har ta koma tana bin girgizar kawai. Ta gama masa layin tas, ba ƙusa ɗaya da ta karkace. A ta ƙarshe hannunta ya mutu, ƙarfen ya suɓuce ya gangara can cikin tsinin wutsiya.

Ta ja jiki da baya ta fito. Rana ta haske mata ido. Ta ga Inuwa ya cire marufin kunnensa yana shafa layin ƙusar yana washe baki. Ya juyo yana magana. Bakinsa yana motsi.

Ta jira sautin ya iso. Bai iso ba.

Ta dubi kwamfuresa, ta ga bel ɗinta yana juyawa. Ta dubi kaji suna tsere a gindin katanga. Ta tafa hannunta a gaban fuskarta. Sai ta zauna a ƙasa, ta sa yatsa a kunnen, ta fito da shi da ɗan jini.

Virginia ta sake kai ta asibiti. Likitan nan bai yi faɗa ba. Ya rubuta magani don ciwon, ya girgiza kai.

Kuna zaton Inuwa ya yi nadama? Abin da ya dame shi ƙarfen da ta bari a ciki. In an motsa jirgin sai a ji shi yana ƙwal-ƙwal a wutsiya. Ya tsaya a kanta yana nuna kangon yana ɗaga hannu, ita kuwa tana kallon bakinsa tana ƙoƙarin kamo ko kalma ɗaya. Jiri yake ɗibarta in ta miƙe, balle rarrafe.

Da ya ga ba ta gane ba, ya kama hannunta ya kai ta ƙofar kangon, ya nuna ƙofar, ya nuna ƙafarta, ya kaɗa yatsa. Wannan ta gane. Kar ta ƙara taka wurin.

Da yamma Zainab ta bugo. Nafisa ta ga wayar tana haske, ta ɗauka ta kara a kunne kamar yadda ta saba. Ta ce, "Zainabu, ki yi ta magana, ina nan." Ta riƙe har hasken ya mutu.

Ranar Juma'a, ana gobe Alhaji zai zo, Inuwa ya ce ba zai bari baƙi su ji ƙarfe yana yawo a cikin jirginsa ba. Ya gwada zaro shi da waya, ya ƙi. Ya ɗaga gaban jirgin ya girgiza, ƙarfen ya ƙara maƙalewa. Ya sallami yaran gareji tun safe saboda masallaci. Girman kai bai bar shi ya kira Okey ba.

Ya cire riga, ya ajiye wayarsa a kan benci, ya ce abin da mace ta yi ai shi ma zai iya.

Cikin jirgin akwai zobba na alminiyam da suke riƙe da jikin, kamar haƙarƙari, suna ƙara ƙanƙancewa har wutsiya. Bakinsu a lanƙwashe yake yana kallon wutsiya. Shiga da santsi, fita kuwa sai bakin ya kama ka. Nafisa ta san haka, shi ya sa kullum take fitar da numfashi ta tattara kafaɗa kafin ta ja baya. Bai taɓa tambayarta yadda take yi ba.

Ya miƙa hannun dama gaba, ya tura kai, ya tura kafaɗa ɗaya da ƙarfi ta wuce zoben. Yatsunsa suka taɓa ƙarfen. Ya ƙara turawa kaɗan.

Jirgin a kan tayoyi da katako yake. Nauyin Inuwa ya rinjayi baya, wutsiya ta faɗi ƙasa, gaba ya ɗaga sama. Inuwa ya zurma ciki da ka, ƙafafu a sama, hannun dama a matse tsakanin kansa da zoben, bakin alminiyam ya nutse masa a hammata.

Ya ja baya, abin ya ƙara cizo. Ya yi gaba, ba wuri.

"Nafisa!"

Tana tsakar gida, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Tana zaune a kan tabarma ta ba ƙofar kangon baya, tana tsince shinkafar da za ta dafa masa.

"Nafisa! Ke Nafisa!"

Ya yi ta dukan jikin jirgin da gwiwa. Ya yi ihu har muryarsa ta fashe. A ciki ƙarar ta dawo masa a ka, ya ji ɗan abin da take ji.

Maƙwabta sun ji. Mai wankin hula da yake jikin katangar ya ji. Matan gidan da yake kallonsu sun ji. Aka ce Injiniya ne, yau ko Juma'ar ma ba zai bar baiwar Allah ta huta ba. Maza suka yi wanka suka tafi masallaci.

Rana ta take. Alminiyam ya ɗauki zafi kamar tukunya a murhu. Gumi yana gangaro masa cikin ido da hanci, don kansa ne a ƙasa. Hannun ya yi zugi, ya yi tsami, daga nan ya daina jin sa gaba ɗaya.

Nafisa ta dafa abinci ta zuba a kwanonsa ta rufe. Ta duba inuwar katanga, don da ita take gane lokaci yanzu, ta yi alwala ta yi azahar. Ta ga takalmansa na fita a ƙofar ɗaki, ta san yana kangon. Ta yi mamakin bai fito masallaci ba. Ta je har bakin ƙofar da kwanon a hannu, ta tsaya. Ta tuna yatsan da ya kaɗa mata. Ta dawo ta ajiye kwanon a inuwa, ta zauna tana jira.

Sai bayan la'asar Virginia ta shigo da lemo da ta sayo mata. Ba ta yi sallama da baki ba, ta zagayo ta gabanta don kar ta firgita. Suna gaisawa da hannu sai Virginia ta ɗaga kai. Wani nishi take ji, ƙasa-ƙasa, kamar na akuyar da ta faɗa rijiya.

Ta tura ƙofar kangon. Ta ga hancin jirgi yana kallon sama, ga tafin ƙafa biyu a ciki ba sa motsi.

Virginia ta kira mijinta Okey a waya. Kafin wani lokaci kangon ya cika. Aka kama ƙafafun aka ja, Inuwa ya yi wata ƙara da ta sa aka saki. Aka zuba man gyaɗa, bai yi ba. Okey ya zaga ya duba ya ce, "Sai an yanka."

Daga ciki murya ta fito a shaƙe. "Kar ku taɓa mini wutsiya. Gobe Alhaji..."

"Injiniya, hannunka ya yi baƙi. Ko jirgi ko kai."

Bai jira amsa ba. Ya karɓi almakashin yankan kwano ya soka a gefe, ya bi layin ƙusar nan da Nafisa ta ba da kunnenta a kai, ya tsarge shi daga sama har ƙasa. Aka ɓare wutsiyar kamar gwangwanin kifi. Samarin da suke hawa katanga ɗaukar jirgi, yau ma suna nan da wayoyinsu.

Nafisa ce ta fara isa gare shi. Ta tallafi kansa ta ɗora a cinyarta, tana goge masa fuska da gefen hijabi, tana kuka. Da yake ba ta jin muryarta, da ƙarfi maganar take fita, kowa ya ji.

"Malam, ka kira ni? Ka kira ni ko? Wallahi ban ji ba."

Virginia ta ce a nan ne ta fita waje, don ba za ta iya tsayawa ba.

Alhaji Abba bai zo ba. Ya ga hoton a waya kamar kowa.

A asibiti an ceci hannun, ba a yanke ba. Amma jijiyar ta mutu. Yatsun sun lanƙwashe sun tsaya a haka. Mutumin da yake gyara mota da ido a rufe, yanzu cokali ma da hagu yake ɗauka. Guduma kuwa sai dai ya kalla.

Virginia da Okey sun je duba shi. Suka tarar Nafisa tana ba shi kunu a baki. Ya kawar da kai daga cokalin, ya dube ta, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Nafisa, ni na yi miki wannan. Kin roƙe ni na ƙi. Ki yafe mini."

Ya faɗa a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba tunda aka ɗaura musu aure.

Ita kuwa ta ga fuskarsa ta yamutse, bakinsa yana motsi da sauri. A iya saninta, in fuskar nan ta yi haka faɗa ne. Ta yi maza ta janye kofin.

"Yi haƙuri, Malam. Ya yi zafi ko? Bari in fifita."

Ya sake faɗa da ƙarfi, har na gadon kusa ya juyo. Ta sunkuyar da kai tana fifita kunun tana cewa, "Yi haƙuri. Yanzu zai huce."

Virginia ta ce har yau suna tare a gidan nan na Tarauni. Jirgin yana kangon, kaji suna ƙwai a cikinsa. An gaya wa Nafisa da hannu da rubutu cewa mijinta ya nemi gafara, ta ce ta yafe. Amma da muryarsa ba ta ji ba, kuma ba za ta ji ba.

Da Virginia ta gama na tashi na tafi gida, sabulun ma a kan benci na bar shi.

Washegari da safe na sa hijabi na hau adaidaita zuwa Babban Giji, gidan ɗana Mubarak. Ya saya wa matarsa Khadija injin markaɗe, a wani ɗan lungu take aiki da shi tun safe har yamma, shi yana kasuwa. Na tarar da layin robobi har waje. Na kira sunanta daga bakin ƙofa ba ta juyo ba. Na ratsa mata na kashe injin da hannuna.

Ta ce, "Inna, lafiya? Ga mutane suna jira."

Na ce, "Su jira. Kira mini mijinki."

Da ya zo na sa shi ya tsaya a lungun, na ce Khadija ta tayar da injin, na riƙe ƙofar. Bai daɗe ba ya fara neman hanyar fita. Na ce, "Ita nan take wuni. Injin nan ba zai sake tashi ba sai ka fito da shi fili ka kawo mata abin rufe kunne." Na jawo kujera na zauna a gaban injin har ya je ya dawo.

Darasi: Wanda yake cikin matsin aikinka ya fi ka sanin zafinsa, in ya ce ya isa, ka tsaya ka saurara. Abin da ka lalata a jikin mutum don biyan buƙatarka, wata rana shi za ka nema ka rasa, kuma neman gafara ma yana da lokacin da in ya wuce ba mai jin sa. Ku kuma maƙwabta, in kun ji ihu a bayan katanga ku ƙwanƙwasa ƙofa. Ku tura wa 'yan'uwa wannan, musamman masu gida da masu yaran aiki, ko Allah zai sa wani ya ji tun da sauran lokaci.